Arlit: Addu'ar ɗaga murya a garin da Kiristoci suka gaji shiru

Shekara fiye da 50 ke nan ana haƙar yuraniyom a Arlit, garin da ke kimanin kilomita 240 arewa da Agadez a Jamhuriyar Nijar. Duk lokacin da sunan garin ya fito a labarai, maganar ba ta wuce ma'adini, ko taƙaddamar gwamnati da kamfanin Orano na Faransa, ko kuma baƙin hauren da Aljeriya ke korowa. Ba a cika jin labarin 'yan tsirarun Kiristocin da ke zaune a can ba, balle tambayar da ke gabansu: da wace irin murya za su yi addu'a a garin da kusan kowa Musulmi ne?

Gado biyu ne suka haɗu a hannunsu. Na farko shi ne na 'yan mishan ɗin Katolika da suka zauna a Sahara, waɗanda suka ɗauki kula da marasa lafiya, zaman mutunci da maƙwabta da kuma kame baki a matsayin wa'azinsu. Na biyu ya hauro ne daga kudu, daga Kwatano, Lome, Wagadugu, Legas da Enugu, inda addu'ar ɗaga murya, ɗora hannu a kan mara lafiya da magana da harsunan da ba a sani ba suka zama ruwan dare, har a cikin cocin Katolika kanta.

Garin da kowa baƙo ne

Kafin a gano ma'adinin, babu gari a wurin. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka fara gina Arlit a 1969, aka soma fitar da yuraniyom a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, ya fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akouta a 1978, kuma domin ma'aikatansa aka gina Akokan, 'yan kilomitoci kaɗan daga Arlit.

Aiki ya jawo mutane daga ko'ina: Abzinawan da fari ya kashe wa dabbobi, Hausawan Tawa, Maraɗi da Damagaram, da Zabarmawa daga yamma. Ya kuma jawo 'yan ƙasashen maƙwabta, musamman Benin, Togo da Burkina Faso, waɗanda suka zo a matsayin magina, makanikai, masu walda, teloli da malaman makaranta. Hanyar da manyan motoci ke bi a wancan lokaci su kai yuraniyom tashar jiragen ruwa ta Kwatano ita ce da yawa daga cikinsu suka biyo. Lokacin da kasuwar ma'adinin ke ci, har kirari ake yi wa garin da Paris ta biyu, sunan da ɗan ƙasar Benin Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗin da ya yi kan Arlit a 2005.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. A arewacin ƙasar, akasarin mabiya Katolika 'yan asalin waɗancan ƙasashe ne ko 'ya'yansu. Cocin Katolika ta Arlit na ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, wanda aka kafa a 2001. Ya haɗa jihohi biyar, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Diffa da Agadez, kuma faɗinsa ya zarce na Najeriya baki ɗaya. Bishop ɗinsa na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso ne. Wanda ya gaje shi a 2024, Ignatius Anipu, ɗan Ghana ne.

Ban da Katolika, a Nijar akwai majami'un da suka samo asali daga mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, da kuma majami'un Fentikostal irin su Assemblées de Dieu. Mabiyansu ma neman abinci ya kai su arewa, kuma kowa da irin addu'ar da ya taso da ita ya tafi.

Mece ce wannan addu'a?

A ƙasashen renon Faransa ana kiran tafiyar da sunan Renouveau, wato sabuntawa. A Najeriya da Ghana kuwa 'yan karismatik ake ce musu, daga wata kalmar Girkanci mai nufin baiwa. Ba wata ɗariƙa ce ta daban ba. Mabiyanta Katolika ne, suna zuwa sujadar Lahadi da fada ke jagoranta kamar kowa, amma suna da nasu taron addu'a a tsakiyar mako, wanda galibi ba fada ne ke jan ragamarsa ba. Makanike zai iya jagoranta, mai sayar da abinci ma za ta iya.

Tsarin taron kusan ɗaya ne a duk inda ake yin sa. Ana buɗewa da waƙoƙin yabo, da ganga da tafi, a ɗauki lokaci ana maimaita gajerun baitoci. Daga nan sai kowa ya ɗaga murya ya yi tasa addu'ar a lokaci guda. Wasu kan fara furta sautukan da ba na wani yare sananne ba, abin da ake kira magana da harsuna. Wani kan ce an ba shi saƙo domin wani da ke cikin taron. Idan aka ɗora wa mutum hannu, akwai mai kuka, akwai mai rawar jiki, akwai kuma wanda kan faɗi ƙasa ya kwanta shiru na ɗan lokaci, wanda su ke kira hutawa cikin Ruhu. A ƙarshe sai a ba da damar shaida: wanda ya warke, ko ya samu aiki, ko ya daina shan giya, ya tashi ya faɗa.

Sabon shiga yakan yi darussa na mako bakwai kafin a yi masa addu'ar da ake kira baftisma cikin Ruhu Mai Tsarki. Malaman Katolika na nanata cewa ba baftisma ta biyu ba ce, farfaɗo da wadda aka riga aka yi wa mutum ne.

Hujjar da suke kafawa na cikin sura ta 2 ta littafin Ayyukan Manzanni, inda aka ba da labarin saukar Ruhu Mai Tsarki a kan almajiran Yesu a ranar Fentikos, da kuma sura ta 12 zuwa ta 14 na wasiƙar farko da Bulus ya rubuta wa Korintiyawa, inda ya lissafa baye-baye irin su warkarwa, annabci da harsuna. Sai dai a wannan wasiƙar ce Bulus ya taƙaita masu magana da harsuna a taro zuwa mutum biyu ko uku, ya sharɗanta a samu mai fassara, ya kuma ce a yi komai bisa tsari. Shi ya sa masu goyon baya da masu ja da baya duk shafi ɗaya suke buɗewa idan gardama ta tashi.

Daga Amurka zuwa Rum

Tafiyar Fentikostal ta zamani ta yi ƙarfi ne a 1906, a wani tsohon gini da ke titin Azusa a Los Angeles, ƙarƙashin wani mai wa'azi baƙar fata ɗan tsofaffin bayi, William Seymour. Shekaru da dama manyan majami'u na yi mata kallon hayaniyar talakawa. A 1960 wani limamin cocin Episkopal a California, Dennis Bennett, ya shaida wa mabiyansa cewa shi ma ya yi magana da harsuna, abin da ya kai shi ga barin muƙaminsa.

Katolika ta shiga ne a watan Fabrairun 1967, lokacin da wasu ɗaliban jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh suka keɓe domin addu'a a ƙarshen mako, suka dawo suna ba da labarin irin wannan abu. Cikin 'yan shekaru tafiyar ta tsallaka Turai. A Faransa aka kafa ƙungiyar Emmanuel a 1972 da Chemin Neuf a 1973, kuma dukkansu sun yi rassa a Afirka. A watan Mayun 1975 Fafaroma Paul na Shida ya karɓi kusan mutum 10,000 daga cikinsu a majami'ar Saint Peter da ke Rum.

Marigayi Fafaroma Francis da kansa ya shaida wa 'yan jarida a 2013 cewa a da ba ya ƙaunar salon, yana ganin sun mayar da sujada wajen rawa, amma daga baya ya sauya ra'ayi. A 2019 ya ƙaddamar da ofishi guda mai suna CHARIS domin kula da tafiyar, wadda ake ƙiyasin ta taɓa Katolika kimanin miliyan 120 a duniya. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2006 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ɗan Fentikostal ne ko ɗan karismatik.

Ke nan matashin da ya taso a cocin Katolika a kudancin Najeriya ko gabar Benin cikin shekaru 30 da suka wuce, da wannan addu'a ya buɗe ido. A wurinsa ba baƙon abu ba ne, ita ce ibadar gida.

Gadon shiru na Sahara

Abin da ya tarar a arewa ya sha bamban. Kimanin kilomita 600 arewa da Arlit, a kan hanyar da ta ratsa Assamaka, akwai Tamanrasset ta Aljeriya. A can ne wani tsohon sojan Faransa da ya zama fada, Charles de Foucauld, ya zauna cikin Abzinawa tun daga 1905. Bai tara jama'a yana wa'azi ba. Ya koyi harshensu, ya rubuta ƙamus ɗin Tamashek da Faransanci, ya tattara waƙoƙinsu, har aka kashe shi ranar 1 ga Disamban 1916 ba tare da ya bar wata al'ummar Kirista a bayansa ba. Fadar Vatican ta ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayun 2022.

Tunaninsa ya yi tasiri sosai a kan yadda cocin Katolika ke zaune a hamada: a zauna da mutane, a yi musu hidima, a bar hali ya yi magana. A Tchirozérine, garin kwal da ke ba mahaƙun Arlit wutar lantarki, mishan ɗin Katolika ta yi suna ne da makaranta da ɗakin shan magani tun farkon shekarun 1960, kuma kusan duk masu cin moriyarsu Musulmi ne. Ƙungiyar agajin cocin, CADEV, ita ma ba ta tambayar addinin mutum kafin ta taimaka masa.

Ga wanda ya girma cikin wannan tarbiyya, amsa-kuwwa da kwanan addu'a da ihun korar aljanu abubuwa ne da ka iya rushe amanar da aka daɗe ana ginawa. Ga wanda ya zo daga kudu kuma, cocin da ba a jin motsinta kamar ta mutu ce, kuma yana iya barin ta ya koma wajen faston da ke addu'a irin wadda ya sani. Wannan shi ne tsaka-mai-wuyar da shugabannin Katolika ke ciki a sassa da dama na Afirka: idan suka hana, matasa su fice, idan suka saki, abin ya fi ƙarfinsu.

Darasin Maraɗi da Yamai

Tsoron masu ja da baya yana da tushe a tarihi. A watan Oktoban 1991 shirin taron wa'azi da warkarwa na Bajamushe Reinhard Bonnke ya haddasa rikici a Kano, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. A watan Nuwamban 2000, masu zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA sun kai hari kan cocin Fentikostal ta Vie Abondante a Maraɗi. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna yadda wa'azin wannan coci a fili da kuma ta rediyo ya bambanta da salon tsofaffin Kiristocin garin, waɗanda suka saba tafiya a hankali.

Amma shiru ma bai zama garkuwa ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an kashe mutum 10 a Damagaram da Yamai, kuma 'yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a babban birnin. Wutar ba ta bambance mai ɗaga murya da mai yin shiru ba, domin majami'un Katolika na cikin waɗanda suka ƙone. A kwanakin ne kuma aka samu Musulmi da dama da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. A watan Yunin 2019 an sake ƙona wata cocin Assemblées de Dieu a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, kodayake cocin ba ta da hannu a rigimar.

Arlit kanta ta ɗanɗana tashin hankali iri dabam. A watan Satumban 2010 an sace mutum bakwai masu alaƙa da kamfanin Areva a garin, sannan ranar 23 ga Mayun 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a ma'aikatar SOMAÏR. A irin wannan wuri, taron dare mai hayaniya ba batun ibada kaɗai ba ne, batun tsaro ne.

Cuta, ƙura da alƙawarin waraka

Abin da ya fi jan mutane zuwa irin wannan addu'a a ko'ina shi ne neman waraka, kuma a nan ne lamarin Arlit ya fita dabam.

Tun 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa ke auna tururin ma'adinin a garin. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 ya ce huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba na ɗauke da yuraniyom fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙungiyar Aghirin'man, ta ɗan fafutuka Almoustapha Alhacen, ta daɗe tana kokawa kan ƙarafan mahaƙa da ke ƙarewa a kasuwa da gidajen mutane. Kamfanin ya sha musanta zarge-zargen, yana cewa yana bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa. Lokacin da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris ɗin 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, kuma an bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 a kusa da Akokan.

Mutumin da ke fama da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko matar da ciki ke yawan zube mata, suna neman abu biyu ne: magani da bayani. Inda bayani ya yi ƙaranci, duk wanda ya zo da shi zai samu masu saurare. Taron addu'a yana ba mara lafiya abin da layin asibiti ba ya bayarwa. Ana kiran sunansa, a taɓa shi, a yi masa karo-karo, a je gida a duba shi. Ga baƙon da danginsa ke nisan kwana uku a mota, waɗannan mutane su ne za su yi jinyarsa, su ne kuma za su binne shi idan ta Allah ta kasance.

Haɗarin yana inda addu'a ta maye gurbin likita, ko inda aka fassara kowace cuta da sammu, la'anar kakanni ko maƙiyan ƙauye. Idan haka ta faru, mara lafiya na iya ajiye maganinsa, kuma tambayar da ta kamata a yi kan ruwa da ƙura sai ta koma zargin wata gwaggo da ke can gida. Wannan ba matsalar Kiristoci kaɗai ba ce, domin malaman Musulunci ma sun daɗe suna jan kunne kan masu ruƙiyyar da suka mayar da ita sana'a.

Fadar Vatican ta tsoma baki a watan Satumban 2000, cikin wata takardar umarni kan addu'o'in neman waraka da Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya sanya wa hannu. Takardar ta amince da addu'ar, amma ta ce ba ta hana neman magani, ta kuma haramta mayar da taron wajen wasan kwaikwayo ko tayar da hankalin jama'a. A dokar cocin, babu mai yin addu'ar fitar da aljanu ta hukuma sai fadan da bishop ya ba izini.

Masu hanya

Akwai kuma wani rukuni da ba ma'adini ne ya kawo su ba. Arlit ce babban gari na ƙarshe kafin iyakar Aljeriya, wadda ke kimanin kilomita 200 daga nan. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a arewa da garin.

Akwai kuma kwararar mutane ta ɗaya ɓangaren. Jami'an Aljeriya kan sauke waɗanda suka kama a wani fili a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka, daga nan a kai wasu sansanin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya da ke Arlit. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Mafi yawansu Musulmi ne, amma akwai Kiristoci daga Najeriya, Kamaru, Kodibuwa, Saliyo da Laberiya.

Addu'ar karismatik ta dace da halin mai hanya. Ba ta buƙatar gini, ba ta buƙatar fada, ba ta ma buƙatar yare ɗaya. Mutum biyar a ƙarƙashin rumfa sun isa, ko da wayar salula ce kawai a hannunsu mai ɗauke da wa'azin wani fasto na Legas ko Abijan. Sai dai saƙon da irin waɗannan fastoci suka fi yaɗawa, na buɗi da cin nasara, takobi ne mai kaifi biyu. Yana iya ɗaga wanda ya yanke ƙauna ya ci gaba da rayuwa. Yana kuma iya sa wanda aka koro sau biyu ya ɗauki hamada a matsayin jarrabawar bangaskiya, ya sake hawa mota karo na uku, maimakon ya koma gida hannu rabbana.

Wa ke tantancewa?

Duk majami'un sun yarda cewa ba kowane mai cewa Ruhu ya yi masa magana ne ke da gaskiya ba. Matsalar ita ce wa zai tantance. Cocin Katolika ta ga misalai a Afirka. Babban bishop na Lusaka, Emmanuel Milingo, ya fara tarukan warkarwa a 1973, jama'a suka yi masa caa, aka kira shi Rum a 1982, daga ƙarshe aka kore shi daga cocin a 2006 bayan ya naɗa bishop-bishop ba da izini ba. A Enugu kuma, Bishop Callistus Onaga ya hana mabiya halartar cibiyar addu'a ta Fada Ejike Mbaka a watan Yunin 2022, bayan kalaman da ya yi kan ɗan takarar shugaban ƙasa Peter Obi.

A Enugu bishop da fadan gari ɗaya suke. Daga Arlit zuwa Maraɗi kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a kan hanyar da wani sashenta ya lalace. Nauyin sa ido ya rataya ne a wuyan fadan da ke wurin da dattawan coci. A ɓangaren Fentikostal, majami'u irin su Assemblées de Dieu na da shugabanci da ke iya tsawata wa fasto, amma cocin da mutum ɗaya ya buɗe da kansa babu mai ce masa don me, ko a kan annabci, ko a kan kuɗin baiko.

Idon maƙwabci

Bahaushen da ya ga mutum ya faɗi ana kiɗa, abin da zai fara zuwa masa shi ne bori. Ba'abzine zai tuna da tanden gumatan, kiɗan da ake yi wa macen da aka ce iskokin daji sun taɓa. Wani kuma zai kwatanta da jazabar da kan ɗauki mai zikiri. 'Yan karismatik ba sa karɓar kwatancin bori ko kaɗan. A wurinsu iskoki abokan gaba ne da ake kora, ba waɗanda ake lallashi da kiɗa ba, kuma mai magana da harsuna, in ji su, yana cikin hayyacinsa, yana iya dainawa duk lokacin da ya so.

Masana ma sun leƙa lamarin. Masanin harsuna William Samarin, wanda ya yi shekaru yana naɗar muryoyin masu magana da harsuna, ya bayyana a 1972 cewa sautukan na kama da yare a kunne, amma ba su da tsarin kalma da ma'ana irin na yaren ɗan Adam. A 2006 likita Andrew Newberg na jami'ar Pennsylvania ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata biyar suna cikin yin ta, ya ga aikin sashen gaba, mai kula da sarrafa kai, ya ragu. Mai bi zai ce ga shaida nan cewa ba shi ke magana ba, mai shakka kuma ya ce ga shaida nan cewa daga ƙwaƙwalwa abin yake. Na'ura ba ta raba wannan gardama ba.

Abin da maƙwabci zai iya aunawa da kansa ya fi sauƙi: ko taron na barin unguwa ta yi barci, ko ana kai mara lafiya asibiti bayan an yi masa addu'a, ko kuma mai wa'azi na taɓa addinin wasu.

Gari na sauyawa, coci na sauyawa

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, rufe iyakar Nijar da Benin ya datse hanyar Kwatano, wadda ke fitar da yuraniyom, ta kuma haɗa Kiristocin arewa da garuruwansu. A watan Disamban 2024 Orano ya ce ya rasa iko da SOMAÏR, sannan a watan Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da kamfanin mallakar ƙasa. A garin da albashin mahaƙa ke juya kasuwa, duk girgizar da ta samu kamfani sai ta isa teburin tela da garejin makanike, daga nan ta isa bencin coci. Tsofaffin da suka san darajar shiru na yin ritaya suna komawa gida, masu shigowa kuma matasa ne da suka taso da ganga da amsa-kuwwa.

Ranar Fentikos, wadda ke zuwa kwana 50 bayan Ista, kan faɗo ne a watan Mayu ko Yuni, lokacin da zafin Arlit ke wuce digiri 40. A ranar, kowace cocin Katolika a duniya na karanta labarin baƙin da suka taru a Urushalima daga ƙasashe dabam-dabam, kowa ya ji saƙo da harshen garinsu. A Arlit masu sauraron karatun sun haɗa da mai jin Fon, mai jin Mosanci, mai jin Ibo da mai jin Faransanci. Idan aka tashi, da Hausa za su yi ciniki a kasuwa, da maƙwabtan da suka ji ko ba su ji muryarsu ta bayan katanga ba.